Fuskar Mama a Ƙirjin Naldo

Jucilene na cikin tsince jatan lande daga shinkafa, sai Gwaggo Benedita ta leƙo ta saman kafaɗarta ta saki ihu.

"Ke! Tsincewa kike yi? Ai ruwansa ya riga ya ratsa shinkafar. So kike ki kashe mini yaro? Maza ɗora wata tukunyar."

Yaron da ake magana a kansa ya haura shekara talatin. Yana zaune a bakin ƙofar kicin ba riga, ya miƙe ƙafafu, yana latsa waya. Ko ɗago kai bai yi ba ya ce, "Gwaggo, ki sa mata ido. Har cokalin ma a canza."

Jucilene ta ɗora wata tukunyar, ta canza cokalin. Dama ita ba mai musu ba ce.

Tun ranar da yayanta Edinaldo, wanda kowa ke kira Naldo, ya dawo da sabon zanen tatu a ƙirji, irin wanda ake yi wa fata da allura da tawada, gidan ya shiga doka. Duk unguwar Guamá ba wanda bai san cewa mai sabon miki ba ya cin abinci mai tada miki ba: jatan lande, ƙaguwa, naman alade, agwagwa, ƙwai, kifi marar ɓawo. Gwaggo kuma kullum ta tashi da safe sai ta tuno wani ta ƙara a kai. Naldo, wanda tunda aka haife shi bai taɓa bin dokar kowa ba, daga ta makaranta har ta hular kwano, wannan dai ya riƙe ta kamar faɗar Allah. Ko ƙamshin soyayyen kifi ya jiyo daga maƙwabta sai ya dafe ƙirji ya koma ɗaki.

Amma mai zanen ya faɗi wata maganar. Jucilene ta ji da kunnenta, don Naldo ba ya sauraron saƙon murya sai ya ƙure ƙara. Cewa ya yi kada ya ɗaga ƙarfe, kada ya bari gumi ya jiƙa wurin, sai ɓawon ya bushe ya zube da kansa. Naldo ya yi dariya ya kashe wayar. "Shi allura ya sani," in ji shi. "Jiki kuwa ni na sani." Washegari ya koma ɗaga ƙarfensa. Ga shi ko mako zanen bai yi ba.

Ta kawo masa farar shinkafa da dafaffiyar kaza. Tana ajiye farantin idonta ya tafi inda ya saba tafiya, ba da son ranta ba.

A ɓarin hagu na ƙirjinsa, faɗin tafin hannu, ga fuskar mahaifiyarsu, Dona Osmarina, tana budurwa. Fure a bayan kunne, tana murmushi har wushiryarta ta fito. Bakin a miƙe yake, ido biyun duk a buɗe.

Jucilene ta manta da wannan fuskar. Wadda ta sani ita ce ta ɗakin baya, bayan ciwon shanyewar ɓarin jiki: baki ya zame gefe ɗaya, ido ɗaya ya faɗo, miyau na bin haɓa. Shekara biyu tana goge wannan miyau. Ta bar aikin kanti, ta koyi juya mutum kada kwanciya ta ci masa gadon baya, ta koyi ɗura kunu ta gefen bakin da ke aiki. Naldo kuwa iyakarsa labule. Sai ya tsaya daga waje ya ɗaga murya, "Mama, ya jiki?" ya wuce kafin a amsa. In an yi magana ya ce, "Ni ba zan iya ganinta a haka ba. Zuciyata ba irin ta Juci ba ce, ni abu na taɓa ni." Mutumin da ke ɗaga ƙarfen da ya fi shi nauyi bai taɓa ɗaga uwarsa daga gado zuwa kujera ba. Ranar jana'iza kuwa sai da maza uku suka riƙe shi, kukansa har titin baya.

Hoton ƙuruciyar Mama guda ɗaya ne tak a duniya, yana rataye a falo. Mama ba ta son hoto, na cikin wayar Jucilene duk na jinya ne. Naldo ya ciro shi daga gilashinsa bai tambayi kowa ba, ya kai wa mai zane. A hanyar dawowa ruwan la'asar ya kama shi a kan babur, hoton na aljihun gajeren wando. Abin da ya zaro ya ajiye a tebur ya fi kama da jiƙaƙƙen biredi. Jucilene ta tafi har shagon mai zanen, da duk kunyarta, ya ce bai ajiye komai ba, takardar da ya kwafa ma ya yar. Da ta dawo tana kuka Naldo ya bugi gefen ƙirjinsa ya ce, "Kukan me kike? Ga ta nan. Nan ruwa ba ya wanke ta."

Shi ya sa take satar kallon ƙirjin mutumin da ta fi rainawa a duniya. Yau kuwa abin da ta gani bai yi mata daɗi ba. Gefen zanen ya yi ja, wajen kumatun ya tasa yana ƙyalli, ɓawon da ke kan bakin ya yi laushi kamar an jiƙa shi.

"Ki sa takalminki," in ji Naldo, baki cike da kaza. "Mai ɗaukata bidiyo ba ya nan. Yau ranar atisayen ƙirji ce, ke za ki riƙe waya."

"Yaya," ta ce a hankali, "mai zanen fa ya ce..."

"Mai zanen ne yayanki ko ni?"

"Wurin ya yi ja."

"Jini ne ke gudu. Alamar lafiya ke nan. Gwaggo, kin ji likitar gidanmu?"

Gwaggo ta matso ta duba, ta shafa masa man andiroba, na itacen da ake shafa wa ciwo, da ɗan yatsa, ta yi alamar gicciye a kansa. "Tunda yana kiyaye bakinsa, me zai same shi? Ke dai baƙin ciki ne da ke. Yaro ya ɗauki uwarsa ya ɗora a kan zuciya, ke me kika ɗora? Tashi ki raka shi."

Jucilene ta sa takalminta.

Gidan ɗaga ƙarfen a saman shagon masu faci yake. Rufin kwano ne, fanka biyu, ɗaya ta mutu tun bara. Kiɗa na dukan bango har ka ji shi a haƙori. Warin wurin kamar an dafa safa. Bencin da ake kwanciya a kai ledarsa ta yage an liƙe da salatif, tsakiyarsa ta yi baƙi da gumin mutanen unguwa kaf. Jucilene ta samu lungu kusa da randar ruwa ta raɓe, wayar Naldo a hannunta.

Bai yi taku uku ba ya tuɓe riga. Nan da nan aka kewaye shi.

"Kai, mutumina! Kamar za ta yi magana!"

"Allah Ya ji ƙanta. Ɗa na gari ke nan."

"Ashe tsohuwarka ta haɗu haka? Kai kuma wa ka biyo?"

Aka kwashe da dariya. Mai wurin, Cleberson, wani gajere mai wuyan bijimi, ya ture mutane ya leƙa kamar mai duba akuya a kasuwa.

"Ka dai kiyaye baki ko?"

"Ko ƙwai ban ci ba, Koci. Tukunyata daban, cokalina daban."

"To shi ke nan, ba abin da zai faru. Ni ka ga nawa?" Ya juyo damtsensa. Wai zanen damisa ne. Jucilene ta ga kyanwar da mota ta bi ta kai. "Tsiren alade guda ɗaya, a bikin ƙanwata. Guda ɗaya tal! Kullum ina nan ina atisaye lafiya lau, ina cin wannan abu, washegari ya kumbura."

Kowa ya girgiza kai, ana tsine wa alade.

Wasu 'yan mata biyu masu matsattsun wanduna suka matso su ma su gani. Ganinsu ya sa Naldo ya ce, "Ku tsaya ku ga wani abu." Ya riƙe ƙugu, ya motsa tsokar ƙirjinsa ta hagu. Fuskar Mama ta yi tsalle. Ya sake, ta sake yin tsalle. Ya shiga yi yana bin kiɗan. "Gaishe su, Mama! Kun ga tana rawa?"

'Yan matan suka riƙe ciki. Cleberson har da tafi. Jucilene ta sunkuyar da kai tana kallon wata tsagar siminti. Matar da ta shekara biyu ba ta iya ɗaga gira, yau ga ta tana rawa a gaban ƙattai. Ta ji tsaki ya taso mata tun daga cibiya, ta haɗiye shi.

"Juci! Ina kike? Zo nan. Ki ɗauko daga sama, ki tabbata fuskar ta fito."

Ta zo ta tsaya a gefen bencin ta danna. Naldo ya gyara murya, ya sauya fuska, ya yi irin kallon da ya yi a maƙabarta.

"Jama'a, wannan na Mama ne," ya ce wa wayar. "Ita ta koya mini cewa namiji ba ya gudun wahala. Duk inda kike, jarumata, wannan naki ne." Ya sumbaci yatsu biyu ya nuna rufin kwano. Sannan ya kwanta.

A cikin gilashin wayar Jucilene ta fi ganin komai da kyau. Duk saukowar sandar ƙarfen sai fatar ta buɗe, fuskar ta yi faɗi, ɓawon bakin ya tsage kaɗan. Duk hawanta sai ya haɗe. Gumi ya gangaro daga wuyansa ya bi ta goshin Mama ya taru a idonta. Sandar kuma tana da kaushi a jikinta don kada hannu ya zame, kuma daidai kan zanen take sauka.

"Yaya," ta ce, "ƙarfen na taɓa ta."

Kiɗa ya cinye maganar.

"Koci, ƙara!" in ji Naldo.

Aka ƙara faifan ƙarfe a kowane gefen sandar. Ya ɗaga yana gurnani, 'yan matan na ihu. Ya ce a sake ƙarawa. Cleberson ya ce, "Ka tabbata?" Ya ce, "Mama na tare da ni." Aka ƙara.

Ta ɗaga murya iyakar yadda ta taɓa ɗagawa a cikin mutane. "Yaya, don Allah ya isa!"

Wannan karon ya ji. Ya harare ta daga kwance. "Riƙe waya aka ce ki yi."

Sandar ta sauko, ta ƙi komawa. Hannayensa suka hau rawa, jijiyoyin wuyansa suka miƙe. Cleberson, wanda aikinsa ke nan ya tsaya a kansa, ya juya yana nuna wa ɗaya daga cikin 'yan matan yadda ake tsayuwa. Naldo ya karkata, ya murza ƙarfen gefe don ya samu numfashi, ya bi ta kan ƙirjinsa ƙiii kamar ana kankare rogo. Kafin a ruga a ɗage, aikin gama ya gama.

Ya tashi zaune yana haki. Abin da ya fara yi shi ne ya fizgo tsumman da ake goge benci da shi ya dirje ƙirjinsa.

"Kada ka...!" in ji Jucilene.

Ya riga ya dirje. Tsumman ya fito da jini da mugunya da wani baƙi-baƙi. A jikin sandar kuwa ga ɓawon nan manne, siriri, da tawada a jikinsa.  Sai a lokacin ta lura har yanzu wayar na ɗauka. Ta kashe.

Cleberson ya leƙa ya ja da baya. "Mutumina, gaskiya wani abu ka ci. Ka tuna da kyau."

Naldo ya juyo ya zuba wa ƙanwarsa ido.

A asibitin unguwa sun daɗe a kan kujerun roba. Naldo ya dafe riga a ƙirji, ya ƙi duba ƙasa, sai nishi yake yana kiran Uwa Maryamu, har wata tsohuwa mai ɗaurarriyar ƙafa ta tambaya ko harbinsa aka yi. Da layi ya zo kansu, nas ɗin, wata doguwa mai furfura da gajiya a ido, ta ɗage rigar ta yamutsa fuska.

"Me ka yi wa kanka?"

"Wani abu aka ba ni na ci."

"Ƙarfe aka ba ka ka ci? Ga sawunsa nan ina gani." Ta jawo tire. "Wannan ai ya kwana biyu yana ruruwa ta ciki. Kwanta. Kuma kada ka yi mini ihu, akwai yara a waje."

Ya yi ihun. Ya kau da kai bango, ya runtse ido, ya damƙe ƙarfen gadon. Tana wankewa tana cewa inda fata ta tafi, tawada ma ta bi ta, wannan kuma ba ruwan asibiti. Ta rufe da bandeji, ta ce a sha magani, a riƙa wankewa safe da yamma.

"Wa zai riƙa yi masa?" Ta juyo, sai ta tsaya. "A'a! Ba 'yar Dona Osmarina ba ce? Ke da kike zuwa karɓar auduga? Allah sarki, ya haƙuri? Ai ke ba sai na koya miki ba." Ta nuna gadon da haɓa. "Wannan kuma wa?"

"Yayana ne."

"Yayanki? Ashe tana da ɗa namiji?"

Naldo ya ƙara kau da kai bango. Jucilene ta karɓi ledar magani ta ce an gode.

Suna fitowa hadari ya haɗo. Ta ce su fake, ya ce shi ba zai tsaya mutane na kallonsa ba. Kafin su kai gida ruwa ya yi musu jagab, bandejin ya jiƙe ya saki ta gefe.

Gwaggo Benedita ta tare su a ƙofa, hannu biyu a ka. Ba ta tambayi me ya faru ba. Kai tsaye kicin ta nufa, ta buɗe tukunyar Naldo ta shinshina, ta ɗaga cokula ɗaya-ɗaya tana dubawa a haske.

"Da wane soso kika wanke tukunyar nan?"

"Soson gidan nan guda ɗaya ne, Gwaggo."

"Kun ji ko! Soson da ya wanke jatan lande! Na faɗa, na faɗa, yarinyar nan sai ta ga bayansa!"

"Na san za a rina," in ji Naldo daga kan kujera, murya a shaƙe. "Ni da na kiyaye komai."

An bar jaki ana dukan taiki. Jucilene ta dubi aljihunsa inda wayar take, da duk abin da ta ɗauka a ciki. Ta buɗe baki, sai ta ga ba amfani. Ko Gwaggo ta kalla sau goma, soso za ta gani.

"A canza masa wannan abu kafin sanyi ya shige shi," in ji Gwaggo. "Ni ba na iya ganin jini, kin sani."

Ta sani. Duk gidan nan mutum ɗaya ne ke iya gani.

"Kayan wankin na ɗakin baya," ta ce.

"Ki ɗauko su mana," in ji Naldo.

"Can haske yake, can gado yake." Ta tsaya. Ita kanta ta yi mamakin muryarta. "In kana so a wanke, ka zo can."

Ta wuce ba ta waiwaya ba. Ta tafasa ruwa ta surka, ta jawo ƙaramar robar da ke ƙarƙashin gado, ta buɗe kwalin da sauran audugar Mama ke ciki. Tana jin takunsa ya zo ya tsaya a bakin labule, daidai inda ya saba tsayawa. Ya daɗe a wurin. Sannan zafin ciwo ya turo shi ciki. Ya kwanta a kan katifar a ɗarare, ya kafe idonsa a silin.

Ta ɓare bandejin a hankali.

Furen na nan. Goshin na nan, da ido ɗaya. Amma ɗaya ɓarin ya kumbura ya ja komai ƙasa. Fatar idon ta faɗo ta rufe rabinsa. Inda ƙarfe ya kankare, murmushin ya tafi da wushiryar gaba ɗaya, abin da ya rage na bakin ya zame gefe ya langaɓe. Daga kusurwarsa wani farin ruwa na tsattsafowa, yana gangarowa haɓa.

Jucilene ta tsaya da roba a cinya. Ta nemi waccan budurwar mai dariya, ta sake nema, ba ta nan. Ba za ta ƙara ganinta a ko'ina ba. 

Hannunta bai jira ta ba. Ya ninke auduga biyu, ya tsoma, ya matse, ya goge daga kusurwar bakin zuwa waje, sau ɗaya, ya juya audugar ya sake.

"Sannu," ta ce can ƙasa. "Sannu, an kusa."

"Yauwa," in ji Naldo, a zatonsa da shi take. Ya haɗiye miyau, idonsa na silin. "Juci. Ni ba zan iya dubawa ba, kin san ni. Gaya mini tsakaninki da Allah. Ta lalace? Har yanzu tana kama da ita?"

Ta dubi fuskar. Ruwan ya sake taruwa a gefen bakin.

"Yanzu ne ma ta yi kama da ita," ta ce.

Ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya, har da murmushi. "Kai, na gode wa Allah. Na ce miki tana tare da ni." Ya gyara kwanciya. "Ki gaya wa Gwaggo a sayo sabon soso."

Jucilene ta goge ruwan, ta shafa magani, ta yanko sabon bandeji ta rufe a hankali yadda ba zai matse ba.

"Da safe zan dawo in wanke," ta ce. Ba shi take kallo ba.